Ramuka Ashirin da Huɗu

Ina ɗan shekara goma sha bakwai mahaifiyata ta kai ni garajin ƙanenta a Maraɗi, ta ce tunda boko ya ƙi ni, in koyi abin da zan ci abinci da shi. Kawu toliye ne, wato mai bugun jikin mota. Shekara biyun farko ban yi komai ba sai gugar mastik da sanfefa, har yatsuna suka daina jin zafin kofin shayi.

A bazarar 2011 wani direba ya kawo mana Peugeot 504 doguwa, wadda yake jigilar fasinja da ita tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa. Siraran ƙarafan adon da ke gefenta, waɗanda muke kira baget, duk sun lanƙwashe, tsatsa kuma ta fara ci a ƙarƙashinsu. Ya ce a cire su gaba ɗaya, a shafe wurin, a yi fenti. Da bashi ya sayi motar, yana so in ya gama biya ya sayar da ita da daraja. Aka yi ciniki jika sittin.

Idan aka cire baget, ana tarar da ƙananan ramuka jere inda maƙalansa ke shiga. Na ƙirga na wannan motar, ashirin da huɗu. Ƙa'idar aikin na san ta sarai. Sai an kankare fenti da tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a toshe kowane rami da walda, ɗigo-ɗigo, ana bari yana hucewa don kada zafi ya murɗe kwanon. Daga nan a goge waldar ta kwanta, sannan a kawo mastik. Kawu kullum yana cewa mastik na daidaita fuska ne, kaurinsa kada ya wuce na kwabo biyu a haɗe.

Washegari aka aiko wa Kawu da rasuwa a Tasawa. Zai tafi ya ce mini, "Ɗan nan, ga motar bawan Allah. Ka san abin yi." Wannan ne karo na farko da ya bar mini aiki ni kaɗai.

Na toshe ramuka shida sai iskar walda ta ƙare. Kuɗin sake cika kwalbar suna hannuna, amma zan rasa yini guda, ga direba yana zuwa safe da yamma yana cewa iyalinsa ba su da cefane in motar na tsaye. Sai na tuna dabarar da na taɓa gani a wani garaji. Na yanka kwali, na liƙa ta bayan sauran ramukan, na kwaɓa mastik da ɗan jan man da ke daskarar da shi, na danna. A zafin watan Afrilu kwaɓin ba ya jira, minti uku zuwa huɗu ya fara ƙwari, don haka na riƙa kwaɓawa kaɗan-kaɗan. Na goge da sanfefa mai lamba 80, na bi da 180, na ƙarasa da 320. Na rufe ido na shafa tafin hannuna, ban ji tudu ko kwari ba. Da aka fesa fenti, mutum na ganin fuskarsa a jikin ƙofa. Kawu ya dawo ya zagaya motar, ya ce, "Madalla." Kuɗin iskar kuwa na sayi takalmi da su.

Na san mastik na shan ruwa. Garin dutse mai laushi ne aka cuɗa da danƙo, fenti ke kare shi ta waje. Ta ciki kuwa, ruwan da ke gangarowa ta gefen gilashi cikin ƙofa yana samun kwalin, kwali ya jiƙe, mastik ya tsotsa, bakin ramin ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta turo shi waje. Na sani, amma a Afrilu damina tana yi wa yaro nisa.

Cikin azumi, a watan Agusta, motar ta dawo. Tun daga bakin garaji na hango ƙuraje jere a gefenta kamar carbi. Direban bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Kawu, "Maigida, wanda zai saya ya gani ya fasa. Ni dai na yarda da kai ne."

Kawu ya ɗauko ɗan maganaɗisu a akwatin kayan aiki, ya bi layin da shi. A wurare shida ya kama, a sauran ya faɗo ƙasa. Ya sa tsinin sukurdireba ya ɓanɓare ƙurji ɗaya, ruɓaɓɓen kwali ya fito, har da sauran rubutun kamfanin madara a jiki. Ya juya wurin direban ya ce, "Laifina ne, Malam. Bar ta kwana biyar, ba za ka biya ko dala ba, kuma kuɗin da kake samu a yini ni zan ba ka."

Na so ya mare ni. Bai ko dube ni ba. Ya miƙo mini tabaran walda kawai, ya jawo benci ya zauna a bayana. Yanzu ramukan sun faɗaɗa, wasu sai da muka yanko ƙyallen ƙarfe muka yi musu faci. Kwana biyar muna yi da ƙishirwar azumi, yana kallon kowane ɗigo. A babbar sallar shekarar gidan Kawu ba a yi layya ba. Matarsa ta ce wa yara rago ya yi tsada. Ni na san inda ragon ya tafi, ina sanye da wani ɓangarensa a ƙafata.

Yau ina da garajina da yara uku masu koyo. Ina amfani da mastik kusan kullum, ban kuma ga laifinsa ba, domin babu toliyen da gudumarsa za ta mayar da kwano sumul kamar yadda ya fito daga masana'anta. Amma duk yaron da ya gama walda, kafin ya buɗe gwangwanin mastik, sai na sa ya cire murfin cikin ƙofar, na haska tocila ta baya. In haske ya ɓullo ko da kamar bakin allura ne, ya koma.

Kawu ya rasu shekaru huɗu da suka wuce. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuma ban taɓa samun bakin faɗa masa zancen takalmin ba. Maganaɗisun nasa yana aljihun rigar aikina.