Uji: Garin Shayi Da Darasin Tsohuwar Fasaha

Garin Uji yana kudu da birnin Kyoto na ƙasar Japan, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa. Ya yi suna wajen noman koren shayi, haka nan da tsohon wurin ibadar Byodo-in da ke kusa da kogi, wanda hotonsa ke jikin kwabon yen goma. A 2024 kamfanin Nintendo ya buɗe gidan tarihinsa a garin, a harabar tsohuwar masana'antarsa. Kamfanin ya soma ne a Kyoto a 1889 da buga katin karta, kafin ya zama gagarabadau a wasannin bidiyo.

A masaukina na Uji na fara riƙe rimot ɗin Wii, na'urar da kamfanin ya fitar a 2006, aka kuma sayar da fiye da miliyan 100. Haɗa ta bai ɗauki lokaci ba. Mai masaukin ya ɗora wata siririyar sanda a saman talabijin, ya zura batura biyu a rimot, sannan ya ɗaura mini igiyarsa a wuyan hannu don kada ya kuɓuce ya fasa gilashi. Da na kaɗa hannu, sai ɗan wasan tanis da ke cikin talabijin ya kai wa ƙwallo duka a daidai lokacin. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa, dattijuwa, ta karɓa ta yi wasa da jikarta, ba tare da kowa ya koya mata maɓalli ba.

Sirrin abin ya fi wasan ban sha'awa. Sandar da ke saman talabijin ba ta ganin komai. Haske kawai take fitarwa daga gefenta biyu, irin wanda idon mutum ba ya gani. Idon yana goshin rimot, wato wata ƙaramar kyamara mai bin hasken. Shi ya sa kyandir biyu ma kan iya maye gurbin sandar. A cikin rimot ɗin kuwa akwai ma'aunin motsi, dangin wanda aka daɗe ana sa wa motoci don buɗe jakar iska idan an yi karo.

Wannan tafarki ne da injiniyan kamfanin, marigayi Gunpei Yokoi, ya shahara da shi: a ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi araha, a nemo mata sabon aiki. Na'urorin Sony da Microsoft na wancan zamani sun fi Wii ƙarfi, amma ita ce ta tayar da kaka da jika tsaye a ɗaki ɗaya.

Mu malaman jami'a mun saba jingina ƙarancin ƙirƙira ga rashin kayan zamani. Kukan yana da hujja, sai dai Uji na nuni da cewa tambaya ta riga kayan aiki: wa zai riƙe abin, kuma me hannunsa ya riga ya iya?