Dashen Fata Ga Mai Albaras: Kada Wuƙa Ta Riga Bincike

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, farin tabo a jikin baƙin mutum ba ya rasa masu fassara. Wani ya ce kuturta ce, wani ya ce sammu ne. Sau da yawa kuwa albaras ne, wato dabbare-dabbaren da ke fitowa idan garkuwar jiki ta kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Yana samun kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma ba a ɗaukar sa ta hanyar musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Tabon kuturu ba ya jin taɓi sosai, na mai albaras kuwa yana jin ko da shafar auduga.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar yayana a Gwaram, wadda aka fasa aurenta saboda tabon da ya fito mata a haɓa da wuya. Mahaifinta ya ga hotunan asibitocin Indiya a Facebook, ya zo mini da niyyar sayar da gona a kai ta dashen fata. Ni ba likita ba ne, malamin jami'a ne, don haka na koma ga littattafai da likitocin fata.

Dashen gaskiya ne, kuma yana aiki. Akan ciro 'yan gutsattsarin lafiyayyar fata, kamar milimita 1 zuwa 2, daga cinya ko ɗuwawu, a shuka su cikin farin wurin, launi ya riƙa bazuwa daga kowanne cikin watanni. Akan kuma zuƙi fata har ta yi bororo, a yanke saman a shimfiɗa. Tun 1992, likitoci a Faransa suka nuna ana iya ware ƙwayoyin launin daga ɗan yanki, a rufe wurin da ya ninka shi girma.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne masu talla ba sa faɗa. Ba a yin dashe sai ciwon ya tsaya cak, galibi shekara guda babu sabon tabo, tsoho bai ƙara faɗi ba. Dalili kuwa, dashe ba ya kashe tushen ciwon. Idan garkuwar jiki tana nan kan harinta, za ta cinye abin da aka shuka, wurin da aka ciro ma yana iya yin fari. Albaras na ɓangare ɗaya na jiki shi ya fi karɓar aikin, yatsu da leɓɓa kuwa sun fi gardama. Wanda rauninsa ke warkewa da tudun tsoka, abin da ya fi yawa ga baƙar fata, ba a cika yi masa ba.

Wannan hujja ita ce kuma ta hana tsaga da ƙaho. Albaras yana bin sawun rauni, don haka askar wanzami da magungunan da ke ƙona fata suna iya buɗe masa sabuwar hanya.

Na ce wa yayana ya riƙe gonarsa. Tabon yarinyar yana ƙaruwa, saboda haka lokacin magani ne, lokacin wuƙa bai yi ba. Man shafawar da likita ya rubuta da gashin haske na musamman sukan tsayar da shi, har launi ya dawo, musamman a fuska, idan an fara da wuri. Hanyar ta fara ne daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda za a iya neman takardar zuwa wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota ne, ba na jirgi ba.

Wata 'yar Najeriya mai albaras, Ogo Maduewesi, ita ce a 2011 ta fara gangamin da ya zama Ranar Albaras ta Duniya, 25 ga Yuni. Ina roƙon limamanmu da malaman makarantu da ma'aikatan lafiya na Gwaram da Birnin Kudu su yi amfani da ranar, su bayyana wa jama'a bambancinsa da kuturta. Likita na iya dasa fata, amma auren da aka fasa mu ne za mu gyara shi.