Ranar Da Muka Yi Dariya

Mu da muka taso a Katuru, da zarar kaka ta yi an ɗaure gero, ba abin da muke jira sai mu ji kalangu ya tashi a bayan gari. Dambe ne wasanmu, kuma ko ɗan shekara 14 naɗe hannu yake yi ya shiga fage. In aka yi kisa sai mu ruɗe da ihu, wanda ya faɗi kuwa a watsa masa ruwa, a ce ya tashi kada ya ba gidansu kunya.

Akwai wani ƙanenmu, ɗan mahauta, da aka sheme a wata kakar. Ya miƙe yana tangaɗi, har sau uku yana cewa, "Yaya, wa ya buge ni?" Wallahi dariya muka yi. Kwana biyu tsakani muka raka shi Shinkafi, ya sake shiga, aka sake kayar da shi. Tun daga nan ciwon kai ya kama shi, haske ya dame shi, allon da ya haddace ya gagara. Gida aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi.

Sai da girma ya zo muka ji cewa ƙwaƙwalwa girgiza take yi cikin ƙoƙon kai, ko ba a suma ba, kuma bugu na biyu kafin ta warke shi ne mugu, musamman ga yaro. A Amurka, likitocin Pittsburgh sun ƙirƙiro jarrabawar kwamfuta mai suna ImPACT. Tun yaro na lafiya ake auna riƙon kalmominsa da saurin hannunsa a ajiye. In ya bugu a sake aunawa a kwatanta. Ba ta maye gurbin likita, don har akwai yara masu wayon faɗuwa ta farko da gangan. A 2009 kuma jihar Washington ta kafa doka: yaron da ake zargin ya bugu a kai ba ya komawa wasa sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu.

To, mai karatu, ina kwamfuta a fagen Zurmi? Babu. Amma awon farkon nan muna da shi, domin mun san yaron tun yana rarrafe, mun kuma san bai taɓa tambayar abu ɗaya sau uku ba.

Yanzu yana sayar da nama a Ƙaura Namoda. Bara da muka tsaya wurinsa, sau biyu ya tambaye mu mutan gida.