Ziyarar Ƙasar Ceroki: Abin da Alƙalami Ba Ya Iyawa

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan kaboyi a silima ya san mutanen da muke kira Indiyawan daji, masu hular gashin tsuntsu da kwari da baka. Sai dai Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wannan ne ya sa da tafiya ta kai mu Amurka muka ware kwana biyu don ziyartar ƙabilar Ceroki, a ƙasarsu mai suna Qualla, cikin duwatsun Great Smoky da ke yammacin jihar Karolina ta Arewa.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne kasuwa: shagunan tsaraba jere a bakin titi, ga kuma masu hular gashin nan suna jiran baƙi su biya a ɗauki hoto da su. Alhali kuwa wannan hula ta ƙabilun filayen yamma ce. Kakannin Ceroki manoman masara ne, masu gidajen itace da yaɓe. Baƙo ne ya zo da hotonsa a ka, mai gida kuwa ya sayar masa da abin da yake nema. Ainihin sana'arsu sai a ƙauyen tarihi na Oconaluftee muka gan ta, inda mata ke saƙa kwanduna da karan rafi, maza na sassaƙar kwalekwale.

A gidan tarihinsu ne jikinmu ya yi sanyi. A shekarar 1838 sojan Amurka suka tattara Ceroki kimanin 16,000 aka kora su zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, an kuma ƙiyasta cewa wajen 4,000 sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Ita ce tafiyar da ake kira Hanyar Hawaye. Mutanen Qualla jikokin waɗanda suka tsira daga korar ne, wasu ta hanyar ɓuya a cikin duwatsu.

To amma mu marubuta, abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne allunan titi, waɗanda aka rubuta da Turanci da kuma wasu baƙaƙe da ba mu taɓa gani ba. Wani maƙerin azurfa mai suna Sikwoya, wanda bai iya karatun kowane harshe ba, shi ya ƙirƙiro su, ya kammala a 1821. Baƙaƙe 85 ne, kusan kowanne na wakiltar gaɓa guda, kuma cikin 'yan shekaru jama'arsa suka iya karatu. A 1828 har sun kafa jaridarsu, Cherokee Phoenix, wato shekara 111 kafin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Duk da wannan gado, kwana biyun da muka yi Turanci muka riƙa ji a kasuwa da bakin yara. Makarantun kwana na gwamnati sun daɗe suna horon ɗalibi in ya yi harshen uwarsa, har iyaye suka daina koya wa 'ya'yansu don gudun wahala. A 2019 ƙabilun Ceroki uku suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan harshen, domin ƙwararrun masu jin sa 'yan kaɗan ne, galibinsu tsofaffi. Tun 2004 mutanen Qualla suka buɗe makarantar Kituwah, inda ake koyar da yara da harshen Ceroki, ko Allah zai sa a ceto abin da ya saura.

'Yan'uwa marubuta, a nan darasin yake. Ceroki sun sami baƙaƙe, sun sami jarida da ɗab'i, amma da harshen ya bar tsakar gida sai rubutun ya koma ado a allon titi. Mu Hausawa muna da miliyoyin masu magana, to amma gidaje nawa ne a biranenmu ake alfahari da cewa yaro ba ya jin Hausa sosai? Littafin da muke wahalar rubutawa, wannan yaron ne mai karanta shi gobe. Saboda haka aikinmu ba ya ƙarewa a maɗaba'a. Sai mun haɗa da tatsuniyar dare da hira da 'ya'yanmu cikin harshenmu, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu gane.