Kurciya Sai da Wuƙa

A karkarar Damagaram inda na tashi, yaro ba ya fita harbin kurciya da danƙo kaɗai. Aljihu ɗaya tsakuwa, ɗayan kuma reza ko 'yar wuƙa. Wanda ya manta da wuƙa dariya ake yi masa, domin ko ya fi kowa saiti, da wuya ya ci abin da ya harbo. Tsakuwa ba ta yanka, bugu take yi, kuma Suratul Ma'ida, aya ta 3, ta lissafa abin da bugu ya kashe cikin abubuwan da aka haramta, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Mu a lokacin ba mu san lambar aya ba. Abin da muka sani shi ne da zarar ta faɗo sai gudu, ka cim mata tana shure-shure, ka fuskanci gabas, ka yi bisimilla, ka yanka. In ka tarar ta riga ta saki, ta zama mushe, sai ka bar wa kare kana cizon yatsa. (Da yake a Nijar malamin lakkol ma "mushe" muke ce masa, wannan kalma ta sha jawo mana bulala a aji.)

Ba duka muke harbi ba. Bardo, ɗan ƙaramin nan mai dogon wutsiya, loma ɗaya ne, asarar tsakuwa ce kawai. Kurciya ita ce ta yau da kullum. Babbar sa'a kuwa hasbiya, mai jan da'ira a ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, wadda ke son kan giginya da saman dogayen gine-gine. Wanda ya shigo gari riƙe da hasbiya, ranar ko an aike shi ba ya jin kira. Lokacinsu kaka, bayan an yanke hatsi, sa'ad da suka ƙoshi da tsintar gero da riɗi, ƙirji ya cika. In muka ga tana ɗaukar tsinke a baki, kakana kan hana mu taɓa ta. Ƙwai biyu kawai take yi, uwa da uba ke karɓa-karɓar kwanci, kuma su biyun ke ɗura wa 'ya'yan wani abu mai kama da nono daga maƙogwaronsu. Ka kashe ɗaya, ƙila ka kashe uku.

Manya ba su bin tsuntsu da gudu. Bakin tabki suke zuwa da sassafe ko gab da magariba, lokacin da kurciyoyi ke saukowa shan ruwa, su binne tarkon gashin wutsiyar doki a cikin rairayi, su watsa ɗan hatsi, su koma gindin kalgo su jira. Ƙafa tarkon ke kamawa, don haka tsuntsuwar na nan da ranta har mai tarko ya iso da wuƙarsa.

Gyara kuwa yana da ƙa'ida. Ba a zuba wa kurciya ruwan zafi kamar kaza, fatarta ba ta da ƙwari, sai ta saɓule. Da ɗuminta ake fige ta a bushe, sannan a babbake sauran gashin a wutar kara. A tsaga ta baya, a buɗe ta kamar littafi. Abu ɗaya da ke ba baƙo mamaki: duk neman da zai yi ba zai ga madaciya ba, dangin tantabara ba su da ita, don haka babu fargabar ta fashe ta ɓata nama. A ware hanta da zuciya da ƙundu, rabon ƙannen da suka riƙe wa mutum tsakuwa ke nan. Sai a tsaga 'yar jakar abincin da ke wuyanta. Kakana ba ya tsallake wannan. Yakan baje abin da ke ciki a tafin hannu ya ce, "Ka gani, jika, wannan daga gonar riɗi ta fito."

Naman kurciya ja ne sosai, ba kitse, shi ya sa wuta mai harshe ke mayar da shi fata. Garwashi yake so wanda ya fara yin toka, a shafa man gyaɗa da gishiri, a riƙa juyawa, sai dab da saukewa a barbaɗa yajin ƙuli. In an sa yajin da wuri ƙonewa yake ya yi ɗaci. Tsohuwar hasbiya kuwa kada ma a ɓata gawayi, tukunya ce maganinta: albasa, citta, kanumfari, masoro, ɗan daddawa, a bar ta a ƙaramar wuta har ƙashi ya fara sakin nama. 'Yan shila, wato 'ya'yan tantabarar gida da suka kai kamar mako huɗu ba su fara tashi ba, su ake yi wa mai jego da maras lafiya farfesu. Sun fi taushi, na yarda, amma a bakina ba su kai kurciyar kaka ɗanɗano ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, kira ne da wani dattijo ya yi mini a shirin da nake gabatarwa na manoma. Ya ce, "Ɗana, ka faɗa wa mutane su lura da tsuntsayen da suke saye a soye." A yankinsu, in ji shi, wasu sun daina wahalar tarko. Hatsi suke jiƙawa da maganin ƙwari na gona, su watsa a bakin tabki, su dawo da buhu su tsince. Bayan shi wasu masu saurare biyu suka kira suka ce sun ga irin haka. Wadda aka tsinta a mace, ko an bi wuyanta da wuƙa jini ba ya tsartuwa, mushe ce. Wadda aka riska tana magagi kuwa, ko yankan ya yi, gubar tana cikinta. In an soye an bulbule da yaji, mai saye a tasha ba shi da hanyar bambancewa, jakar wuyan da za ta tona asiri an daɗe da jefar da ita. Kuma a tabkin nan awaki ke sha, yara ke wanka.

Guba ba ta duba ko akwai tsinke a baki. Ba ta kuma san baƙo ba: akwai wata kurciya da ke ƙetaro hamada daga Turai ta yi rani a ƙasashen Sahel, wadda ta ragu har Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta a 2021.

Tun daga wannan kira, a gidana da rai ake sayen su. Ranar kasuwa nakan je rumfar masu tantabara in zaɓa a cikin keji, a yanka ina tsaye. Kurciya kuwa sai in ɗan ƙanwata ya kawo daga ƙauye, kuma na gaya masa kada ya cire jakar wuyan, ni zan tsaga da hannuna. Satin da ya wuce ya kawo huɗu. Uku gero ne a ciki, ɗaya riɗi.