Ajiya da Jimeta a Bakin Binuwai

Baƙon da ya taso daga Kano da niyyar zuwa Yola, galibi a Jimeta mota take ajiye shi. Garuruwa biyu ne maƙwabta, kowanne da halinsa. Yola ta Modibbo Adama ce, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa ta a 1841. Can fadar Lamiɗo take, can ake jin Fulatanci a bakin yaro da babba.

Jimeta kuwa kogin Binuwai ne ya raine ta. Tun kafin Turawa su ci Yola da yaƙi a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, jiragen ruwan 'yan kasuwarsu ke hawowa nan idan kogi ya cika da damina. Ciniki ya jawo Hausawa da Barebari da Nufawa, suka tarar da Bata da Fulani, aka zauna tare. Shi ya sa Hausa ce harshen kasuwa, ko da yake kunnen Bakano sai ya ɗan saba da ita.

A Ajiya da ke Jimeta na sauka, ɗaya daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, tare da su Limawa, Alkalawa, Gwadabawa da Rumde. Gidaje a manne da juna, lunguna cike da yara, 'yan Keke Napep na ta kutsawa. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, dare ya yi kowa ya fito da tabarma ƙofar gida.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan dubu 200. Wanda ya taka unguwannin nan ya san lissafin ya tsufa. Jama'a ke ta kwararowa tun da aka mai da Yola hedkwatar jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991. Da Boko Haram suka kama Mubi a 2014, dubbai suka tsallako gadar Binuwai zuwa Jimeta, wasu ba su koma ba har yau. Sababbin zuwa da yawa sun yi gini a kwari, inda ruwa ke bi duk lokacin da Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022.

Abin ya tsaya mini a rai. Ya kamata hukuma ta sake ƙirga mutanen Jimeta, ta fitar musu da filaye a tudu, ta gyara magudanan ruwa kafin wata daminar.