Kwaɗon da ke aljihun Yaya

Jama'a masu karatu, yau ku yi mini afuwa, zan ajiye labarin manya in ba ku labarin gidanmu. Yayana ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kama sunansa, ni ma a nan zan bi sawunta in ce da shi Yaya kawai. Mai aikin lantarki ne. Da kuɗin jan waya da ɗaura kwan fitila ya saya mini littattafai har na gama lise.

Duk mun tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasa ke sha, mafi yawanta ta babban layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Doso zuwa Yamai tun 1976. Wutar ba ta dawo ba sai a Maris 2024, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. A tsakanin nan duk ɗan kasuwar da ke da hali ya sayi injin gurup.

A cikin waɗannan watanni ne wani mai kanti a Dogon Dutsi ya kira Yaya ya gyara masa wayar da ta haɗa shagonsa da na kusa. Babu wuta a gari tun safe, sai Yaya ya hau tsani hannu tsirara. Ashe maƙwabcin ya sa gurup ɗinsa cikin wayoyin ginin ba tare da ya sauke babban makunni ba. Yana tayar da injin, wuta ta biyo waya ta baya ta riski Yaya. Wutar gida, mai ƙarfin volt 220, tana ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, tana ƙona nama daga ciki, tana kuma iya rikita bugun zuciya. Faɗuwa daga tsani ce ta raba shi da wayar. Ya rasa yatsu biyu na hannun dama, ƙashin cinyarsa kuma ya karye.

Ma'aikacin da ubangidansa ya rubuta shi a CNSS yana da haƙƙin magani da diyya in ya yi haɗari a bakin aiki. Yaya mai zaman kansa ne, ba takarda, ba lamba. Mai kantin ya zo dubiya sau ɗaya, ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Sauran kuɗin asibiti sun fito daga tumakin Inna da albashina.

Da aka sallame shi muka mai da shi gida Ɗan Kassari. Ya yi watanni a kan tabarma, sannan ya koma dogara sanda. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka na gani da idona: in yaro ya kunna tocila kusa da shi sai ya zabura. Ni da Inna muka yanke shawara a ɓoye, na ci bashi don in kafa masa teburin sukari da shayi a bakin babbar hanyar da ta nufi Birnin Ƙonni. Da na kai masa zancen ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce:

"Ƙanena, na gode. Amma da an yanke maka yatsa biyu, za ka bar rubutu ka koma saida goro?"

Na ce, "Yaya, alƙalami ba ya kisa."

Ya ce, "Wuta ma ba ita ta hau tsani ba ta duba ba. Ni ne."

Na fita raina a ɓace, don a ganina taurin kai ne. Inna kuwa ta ce mini, "Ƙyale yaron nan. Zaman da shika yi shi ka kashe shi."

Aikinsa na farko bayan jinya shi ne ɗaura fano huɗu na hasken rana a kan rufin wani mai cajin waya a kasuwa. Ni na riƙe masa tsani. A mataki na uku ya tsaya, ƙafarsa tana rawa har ina ji a tafin hannuna. Na ce ya sauko, bai amsa ba. Ya yi bisimilla ya ƙarasa. Kafin ya taɓa kome ya sa aka miƙa masa bargo ya rufe fanon, domin fano ba shi da makunni, muddin rana na dukansa yana ba da wuta. Aikin da a da yake gamawa kafin azahar ya kai shi la'asar, yana murɗa sukurudireba da hannun hagu.

Yanzu yana da ƙa'idar da ba ya saɓawa. Yana sauke makunni da kansa, ya garƙame akwatin da kwaɗo, mabuɗin a aljihunsa. Yana zagaya maƙwabta ya tambaya ko akwai gurup ko batir. Yana auna kowace waya kafin ya taɓa ta, ko da an rantse masa babu wuta. Kuma ba ya haɗa wa kowa gurup sai da makunnin da ke raba shi da layin gari. Wasu ƴan kasuwa sun ce ya cika tsada da jinkiri, sun koma ga yaran da ke aiki da silifa da hannu tsirara. Wasu kuma don wannan ƙa'ida suke nemansa.

Ya ku Alhazai da ma'aikata, ku ne masu kiran irinsu Yaya gidajenku da shagunanku. In kun sayi gurup, ku sayi makunninsa tare. In mai gyara ya nemi ku dakata ya auna waya, ku dakata.

Bashin teburin nan na gama biyansa. Da kuɗin muka sayi safar hannu ta roba, da ma'aunin wuta, da kwaɗo biyu. Har yau in wayata ta yi ƙara da lambar gida gabana yakan faɗi, ban kuma gaya masa ba. Allah ya tsare mu da ku baki ɗaya, amin.